iPod ɗin mota ya fara ƙas-ƙas: wani faifan za a sa masa, ko katin memori?

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka. Ka ce kana da iPod Classic, na'urar sauraron waƙa ta kamfanin Apple, mai 160GB da ka bari jone da rediyon mota, cike da karatu da tafsiri da tsofaffin waƙoƙin da ka daɗe kana tarawa. Yanzu in ka faɗa rami sai ya tsallake waƙa ko ya daskare, kana jin wani ƙas-ƙas daga cikinsa, jiya kuma ya nuna maka jan X a cikin da'ira. Wani mai gyara ya ce a canza had-dis ɗin, wato faifan da ke ciki, wani ya ce a cire shi gaba ɗaya a sa memori, kai kuma kana neman wanda ya fi.

Kafin komai, cire shi daga motar yau ɗin nan, ka kwashe abin da ke ciki. Faifan da ya fara wannan ƙara ba ya jiran kowa. Danna Menu da maɓallin tsakiya tare, ka riƙe har tambarin Apple ya fito, nan take ka koma kan maɓallin tsakiya da na Play. Zai shiga yanayin da kwamfuta ke ganinsa kamar filashi. A kwamfutar ka sa ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ka buɗe iPod_Control, sannan Music. Za ka tarar da foldoji masu suna F00, F01 har zuwa F49, waƙoƙin ciki kuma da sunaye marasa ma'ana na haruffa huɗu-huɗu. Kada wannan ya dame ka, ainihin sunan kowace waƙa yana jikinta, zai dawo idan ka zuba su a iTunes, manhajar waƙoƙi ta Apple a kwamfuta. Kwashe foldojin ɗaya bayan ɗaya, kada ka ja dukkansu lokaci guda, domin in kwafin ya ci karo da wurin da ya lalace zai tsaya cak ya ɓata maka aikin gaba ɗaya. Wanda ya ƙi, tsallake shi. Kuma ko wa ya ce maka ka danna Restore, kada ka yarda sai ka gama wannan, don shafe komai yake yi.

Sai kuma a tabbatar faifan ne mai laifin. Abubuwa uku suna kwaikwayon mutuwar faifai har su ruɗi mai gyara. Na farko batir. Faifan yana jan wuta sosai a daidai lokacin da zai fara juyawa, to in batir ya tsufa sai ya yunƙura ya kasa, ka ji ƙas, na'urar ta mutu ta sake tashi. Na biyu siririyar wayar nan mai faɗi da ta haɗa faifan da allon lantarkin da ke cikin na'urar, wadda masu gyaran waya ke kira fileks. Girgizar hanya tana sassauta ta, kuma ita kaɗai ta isa ta kawo jan X ɗin da ka gani. Na uku yana wajen na'urar ne: kebul ɗin mota da bakin caji mai fil 30, wanda ƙurar hunturu ke cikawa. In rediyon mota yana rubuta maka kuskure amma iPod ɗin yana waƙa lafiya ta iyafis, to ka fara da kebul.

Na'urar tana da hanyar faɗa maka lafiyar faifanta da kanta. Sake riƙe Menu da tsakiya, da tambarin ya bayyana sai ka riƙe tsakiya da maɓallin komawa baya. Wani farin shafi na gwaji zai fito. Danna Menu, ka shiga IO, sannan HardDrive, sannan HDSMARTData. Layuka biyu ne abin dubawa. Reallocs shi ne adadin guraben da suka lalace faifan ya maye su da na ajiya. Pending Sectors kuwa guraben da ya kasa karantawa ne, yana jiran ya yanke musu hukunci. Rubuta lambobin a takarda, ka saurari karatu na ɗan lokaci, ka sake dubawa. Ƴan kaɗan da suka tsaya wuri ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. Amma in sun kai ɗaruruwa, ko kana ganin suna hawa, magana ta ƙare. A shafin akwai kuma mafi tsananin zafin da faifan ya taɓa sha. Duba shi, zai ba ka labarin ranakun da ka bar motar a rana.

To mu ɗauka faifan ne. Ga yadda nake ganin hanyoyin biyu.

Faifan da ke ciki ƙarami ne mai inci 1.8, akasari na Toshiba ko Samsung. Kamar faifan garmaho yake, yana juyi sau 3,600 zuwa 4,200 a minti ɗaya, sai dai allurarsa ba ta taɓa shi, shawagi take a samansa da tazarar da ido ba ya gani. Dabarar da Apple suka yi ita ce faifan ya tashi ya ɗebi waƙoƙi kaɗan ya zuba a ƙwaƙwalwar na'urar, ya koma barci. A aljihun mai tafiya a ƙasa wannan ya wadatar. A mota kuwa, duk sanda ka danna maɓallin sitiyari kana neman wata waƙa, tashinsa kake yi. Tafsirin awa biyu kuma fayil ne babba da ba ya shiga ƙwaƙwalwar lokaci guda, dole faifan ya riƙa tashi yana ɗebowa. In aka yi rashin sa'a tashin ya zo daidai da faɗawarka rami, allurar ta daki fuskar faifan, wurin ya tafi ke nan. Sabon faifai ba zai canza wannan ba. Hanyar da ta kashe na farko ita za ta bi da na biyu. Katin memori ba shi da abin da ke motsi a ciki, ko hanyar kasuwar ƙauye ka bi da damina bai san ana yi ba. A wannan gaɓar ba ma gasa ake ba.

Sai maganar samu. Apple sun daina ƙera iPod Classic a watan Satumba na 2014, kuma shugabansu Tim Cook ya faɗi dalili a bainar jama'a: kayan haɗa shi ne suka daina samuwa. Ke nan duk wanda ya miƙo maka faifai ya ce sabo ne dal, ɗaya daga biyu ne: ko tsohon kaya ne da ya shekara goma a kan kanta, ko cirowa aka yi daga wata na'urar aka goge aka sa a leda. Ba lallai ya zama mara kyau ba, amma sayen kifi ne a ruwa. In ka zaɓi wannan hanyar, sa mai gyara ya ɗaura shi a gabanka, ka shiga shafin gwajin nan, ka duba PowerOn Hours da Reallocs kafin ka zaro kuɗi. Faifan da ya yi dubban awanni yana aiki yakan tona kansa a nan.

Amma kada ka ɗauka ɓangaren memori babu tarko. Nasa tarkon ma ya fi wayo. Katin ba ya shiga kai tsaye, sai da adafta, wani ɗan allo da ke zama a gurbin faifan ya karɓi fileks ɗin. Wanda ya yi suna shi ne iFlash: Solo mai kati ɗaya, Dual mai biyu, Quad mai ƙananan kati huɗu da yake haɗa su su zama ɗaya. Akwai masu araha marasa suna, wasu suna yi, wasu sai ka yi ta fama da su wajen Restore, iTunes yana jefo maka lambar kuskure 1439 ko 1429. Wannan da sauƙi, don tun a teburin mai gyara za ka gane. Babbar matsalar katin jabu ce. Kati ne mai 16GB ko 32GB da aka yi wa dabara yake gaya wa kwamfuta shi 256GB ne. Zai karɓi Restore lafiya, ka zuba waƙoƙin farko su yi daɗi, ka yi godiya ka tafi. Sai ka wuce ainihin girmansa, sabon abin da kake zubawa ya riƙa ɓacewa ko ya hau kan na da. Alamar da zai nuna maka kuwa ita ce tsallake waƙa da daskarewa, wato ciwon da ka kawo shi asibiti dominsa, sai dai babu ƙas-ƙas. Maganinsa ɗaya: kafin katin ya shiga iPod, a sa shi a kwamfuta a gwada shi da manhajar H2testw, wadda ke cika shi maƙil sannan ta karanta ta gani ko abin da ta rubuta yana nan. Takan ɗauki awanni a kan babban kati. Ka bar ta ta gama.

Wajen girma, faifai zai mayar da kai inda kake, 160GB. Memori zai iya wuce haka, amma ya danganta da wane 160GB ne a hannunka, domin iri biyu ne. Shiga Settings, sannan About, ka nemi lambar samfurin. In ta fara da MC293 ko MC297, na 2009 ne, siriri, kuma shi ne mai sa'a: yana ɗaukar 256GB, 512GB har sama. In kuwa MB145 ce ko MB150, na 2007 ne mai kauri. Wannan manhajarsa ba ta ganin abin da ya haura 128GB komai girman katin da ka sa, haka ma ƴan'uwansa mai 80GB da mai 120GB. Ƙari a kan haka, mai kaurin nan bakin faifansa daban yake, sai an saya masa wani fileks kafin adafta ta zauna. Shi ma faifan da zai maye nasa ya fi wuyar samu. Mutane kan ce a sa masa Rockbox, wata manhaja ta kyauta da ke tsallake iyakar 128GB. Gaskiya ne tana yi, amma ga mai mota ban ba da shawarar ba, don rediyoyin mota da manhajar Apple suka saba magana, kana iya rasa maɓallan sitiyari da sunan waƙa a allo.

Sauti kuwa babu bambanci ko ƙanƙani. Lambobi iri ɗaya ne suke fitowa daga faifai da kati, sauran aikin na wani sashe ne. Wanda ya ce maka na faifai ya fi garɗi, kunnensa ne ke masa.

Zafi ne inda mutane ke yaudarar kansu. Apple sun rubuta cewa a yi amfani da na'urar tsakanin digiri 0 zuwa 35, a ajiye ta a inda bai wuce 45 ba. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inuwa ma takan haura 40, balle cikin mota a rufe da tsakar rana. Katin kirki yana jure zafin da ya fi haka nesa ba kusa ba, faifai ba ya jurewa. To amma batir yana nan a duka hanyoyin biyu, kuma shi ne ke kumbura. In ka ga wani baƙin tabo ya fito a tsakiyar sikirin, ko murfin baya ya ɗan ɗago, batir ne ke turowa daga ciki. Tunda za a buɗe na'urar, a canza shi a lokaci ɗaya. A nan memori ya sake samun maki, don adaftar ba ta kai faifai kauri ba, ana samun wurin sa batir mafi girma, ga shi kuma ba ta cin wuta kamar faifai.

Buɗewar ma aiki ce, kuma iri ɗaya ce ko wace hanya ka bi. Fuskar Classic ta alminiyam ce, bayansa ƙarfe, a tsakaninsu ƙananan ƙugiyoyi masu taurin kai. Wanda bai taɓa yi ba zai lanƙwasa bayan, ko ya fizge wayar batir daga allon, wannan kuma ya fi mutuwar faifai tsada. Ka nemi wanda ya taɓa buɗe irinsa, ba duk mai gyaran waya ba. Tambaye shi abin da zai fara cirewa da ya raba murfin. In bai ce wayar batir ba, karɓi kayanka. Saboda wahalar nan nake cewa a yi aikin da ba za a sake buɗewa ba, kada kuma a rufe murfin sai an yi Restore an zuba waƙoƙi an ji suna tafiya.

Da ni ne, ga na'urar da za ta zauna a mota, adafta ta kirki da katin da aka gwada zan sa, da sabon batir. Faifai sai in za ka mayar da ita ɗaki ta zauna a kan tebur, ko ka samu ɗaya a arha wanda lambobinsa suka fito tsaf a gabanka.

Akwai hanya ta uku da ba ka tambaya ba. In rediyon motarka yana karanta filashi kai tsaye, zuba abin da ka kwaso a filashi ka gwada mako guda kafin ka kashe ko kwabo. Tsofaffin rediyoyi da yawa filashin da aka yi wa fomat da tsarin FAT32 kawai suke ganewa, wasu kuma suna da iyakar yawan fayilolin da za su nuna, neman waƙa ɗaya a cikin dubbai kuma ba ya kai na iPod sauƙi. In waɗannan ba su dame ka ba, ka huta da gyara. In sun dame ka, turo mana lambar samfurin da abin da Reallocs da Pending Sectors suka nuna, mu ga girman katin da ya dace da naka.