Na'urar awo ta tauraron ɗan'adam: wacce ta dace da aikin titi?

Takardar kusan kowane kamfani, daga Trimble da Leica da Topcon har zuwa CHCNAV da Hi-Target, adadi ɗaya take nunawa kan tsarin RTK, wato awon da ake gyara siginar tauraro nan take daga wata na'ura da aka girke: kuskuren milimita 8 a kwance, 15 a tsaye, sannan ƙarin milimita 1 kan kowace kilomita tsakanin na'urar da aka girke da wadda safiyo ke yawo da ita. A nisan kilomita 10, kuskuren tsayi ya zama milimita 25 ke nan, kuma a fili fetal aka gwada, ba bishiya ba gini. A wurin aiki, ka yi lissafi da ninkinsa.

Mai aikin titi tsayin ne damuwarsa. Layi mai faɗin mita 3.65 da gangaren kashi 2.5 cikin ɗari, bambancin tsakiya da gefe wajen santimita 9 ne kawai. Kuskuren santimita 3 ya cinye sulusi, sai ruwa ya kwanta kan kwalta. Saboda haka RTK ta isa ga fitar da layin titi, yanka da ciko, da lissafin jar ƙasa. Shimfiɗar ƙarshe da bakin kwalbati kuwa, a koma wa lebur (na'urar auna tsayi) ko total station (na'urar auna kusurwa da nisa).

Abin da ya fi raba zaɓi shi ne inda gyaran sigina yake fitowa, kuma hanyoyin uku ne.

Na'ura biyu, ta zaune da ta yawo, da rediyon UHF mai kai gyara tsakaninsu, ita ta fi dacewa da titin karkara, domin ba ruwanta da layin waya. Rediyon ciki mai wat 1 ko 2 kilomita kaɗan yake kaiwa. Dogon titi na buƙatar na waje mai wat 35, da batirin mota da dogon eriya. Inda ake faɗawa rami shi ne girke ta zaune kan wurin da ba a tabbatar da lambobinsa ba: duk awon ranar zai karkata tare, allo kuma ba zai nuna komai ba.

Na'ura ɗaya mai karɓar gyara ta intanet daga tashar dindindin ta fi arha, mutum ɗaya ma ya ishe ta. Najeriya na da tashoshin NIGNET ƙarƙashin ofishin Babban Safiyon Tarayya, akwai kuma na 'yan kasuwa. Kafin ka biya, bincika ko tashar da ke kusa tana aiki, da nisanta. In ya haura kilomita 20 zuwa 30, tsayi ya fara wasa.

Na uku shi ne gyaran da ke saukowa daga tauraro kai tsaye, irin CenterPoint RTX na Trimble. Ana biyan kuɗin rajista, ana jiran mintuna kafin awo ya nutsu, daidaiton tsayinsa kuma bai kai na RTK ba. Ya yi kyau ga binciken farko a daji.

Kowacce ka ɗauka, ta kama rukunonin taurarin GPS da GLONASS da Galileo da BeiDou a zango biyu ko fiye. Yankinmu na cikin inda sararin sama ke hargitsa sigina bayan faɗuwar rana, musamman wajen Maris da Oktoba, sai allo ya sauka daga Fix (awon da ya tabbata) zuwa Float (wanda bai tabbata ba). Awon Float na iya kaucewa da rabin mita, kada a kafa turke da shi.

Manhajar na'urar ta iya juya lambobi zuwa ma'aunin Minna, wanda tsofaffin taswirori ke kai. Tsakaninsa da WGS84, ma'aunin da GPS ke amfani da shi, akwai gomman mitoci. Ta kuma ɗauki EGM2008, ma'aunin matakin teku, don tsayi, ta yarda a daidaita ta da shaidun siminti da aka san lambobinsu, huɗu ko biyar, da suka kewaye aikin.

Ranar ciniki, ka auna shaida ɗaya da safe, da azahar, da la'asar, kana kashe na'urar kana kunnawa. Idan tsayin ya bambanta da fiye da santimita 3, a mayar wa dillali. Tambaye shi kuma inda ake gyara da samun batir, domin zafin Afrilu batir yake fara kashewa.