Hattara da mai tallan "kafson CAR-T" ga masu ciwon daji

Jama'a, duk mai majinyacin daji a gida ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wani mutum da ke talla a Facebook da TikTok, sanye da farar rigar likita, da hoton ƙwayoyin jini na yawo a bayansa. Da ka yi masa magana sai ya ja ka WhatsApp. Abin da yake sayarwa kafso ne a kwalba, wai shi ne "CAR-T na sha" (CAR-T sunan wata hanyar maganin daji ce ta gaske da ake yi a asibiti), wai yana buɗe idon sojojin jiki su gano daji su cinye shi cikin kwana 90. Faɗin sunan shafin ba shi da amfani, domin sau biyu yana canja shi tun da muka san shi.

Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, ita ya ci wa amana. An yanki tsoka a mamanta an kai gwaji, aka tabbatar sankara ce, likita ya tsara mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, kafin aiki. Ta yi biyu, gashi ya zube, amai ya hana ta sakat. A wannan halin 'yarta ta ga bidiyon. Har yanzu ina da saƙon muryar da ya turo: "Hajiya, ki yi haƙuri, guba suke ɗura miki. Sojojin jikinki barci suke, tashinsu kawai za mu yi." Kwalba ɗaya naira dubu 180, kuma wai sai an sha uku. Ta sayar da ɗankunnenta na gwal da tunkiya biyu, ta daina zuwa asibiti, ba ta gaya wa kowa ba.

Abin da ya sa ƙaryarsa ke shiga shi ne a kan gaskiya ya ɗora ta. Gaskiya ne jiki na da masu sintiri. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T, kowacce da makarɓi a jikinta, wato risefta, mai aiki kamar kuba da makulli. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana baje ɗan gutsuren abin da take ƙerawa a ƙofarta, kamar mai nuna katin shaida. Idan ƙwaya ta lalace ta fara zama daji, gutsuren kan canja, makarɓin da ya dace da shi ya cafke, a kashe ta. Idan kuma dajin ya yi wayo ya ɓoye katin gaba ɗaya, akwai wata runduna, ƙwayoyin NK, da ke farautar marasa kati.

To me ya sa daji ke cin mutum duk da haka? Domin sojojin nan suna da birki, wanda Allah Ya sa don kada su afka wa jikin da suke karewa. Ɗaya sunansa PD-1, Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano shi a 1992. Ɗayan CTLA-4, wanda James Allison na Amurka ya nuna cewa in an toshe shi sojojin kan tashi su yaƙi ƙari. Wasu nau'o'in daji sun iya taka wannan birki, tamkar ɓarawon da ya san yadda ake miƙa wa maigadi na goro. Kan aikin sakin birkin ne mutanen biyu suka sami kyautar Nobel a 2018, kuma hotunansu ne ɗan damfarar ya manna a tallarsa, ko kunya babu.

Magungunan da suka fito daga wannan bincike na nan: ipilimumab da Amurka ta amince da shi a 2011, sai Keytruda da Opdivo a 2014. Amma dukkansu furotin ne, in ka haɗiye su ciki zai narkar da su kamar yadda yake narkar da ƙwai. Shi ya sa a asibiti ake ba da su, ta ƙarin ruwa ko allura, duk bayan 'yan makonni, kuma a firiji ake ajiye su. Ba kowa suke yi wa aiki ba, ko a sankarar mama wani nau'i ne ake ba wa, bayan gwaji. Kuma da yake birki aka saki, sojojin kan juyo kan hanji ko huhu ko hanta, dole likita na sa ido. Duk wanda ya ce maka nasa yana tayar da garkuwa "ba tare da wata illa ba", ya riga ya gaya maka bai san abin da yake faɗa ba.

Maganar CAR-T kuwa, nan ne ramin ƙaryar ya ƙure. Ba magani ba ne da ake jerawa a kanta. Jinin majinyacin ake ja, a tace ƙwayoyinsa na T, a kai ɗakin gwaji a dasa musu sabon makarɓi, a hayayyafa su na makonni, sannan a mayar masa ta jijiya. Na kowa nasa ne. Na farkon da aka amince da shi, Kymriah, a 2017, dala 475,000 aka sa masa, kuma na dajin jini ne. Yarinya ta farko da aka yi wa shi, Emily Whitehead, a Filadelfiya a 2012, sai da zazzaɓi ya kai ta ɗakin kulawa ta musamman kafin ta warke. Wannan ne wani zai ɗura a kafso ya ba ɗan acaɓa ya kawo maka tasha?

Ranar da asiri ya tonu na buɗe kafso ɗaya a kan faranti. Gari ne ruwan ɗorawa da ɗigon kore, warin kurkur da zogale ya bugi hancina. Takardar jikin kwalbar da gam aka liƙa ta, har ta fara ɗagowa, babu adireshin kamfani. Lambar NAFDAC da ke kai na bincika a kundin Greenbook na hukumar a intanet, babu ita. A nan ma a kula: ko lambar ta gaske ce, maganin gargajiyar da aka yi wa rajista yakan zo da rubutun cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwarsa ba. Lamba ba shaidar yana kashe daji ba ce.

Wata huɗu Gwaggo ta yi tana sha. Da ƙullutun ya fashe ya zama gyambo, 'yarta ta tura masa hoto, ya ce, "Alhamdulillahi, dattin ne ke fita, a ƙaro kwalba." Da na kira shi da kaina na tambayi asibitin da yake aiki da lambar lasisinsa, sai ya kashe waya, kafin magariba ya toshe mu duka. Kuɗin ma asusun wani suna daban aka tura.

Ni kuɗin bai dame ni kamar watannin ba. Da muka mayar da ita, likita ya duba ya ce abin ya kai hammata, aikin da aka so yi da farko sai an sake lissafi. Bai yi mata faɗa ba, ya dai ce, "Mama, da kin gaya mana aman ya yi yawa, akwai maganinsa."

In kun ji labarin maganin garkuwa kuna so ku san ko ya dace da majinyacinku, ku tambayi likitan daji, akwai su a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Kada a tsayar da kemo ko gashin ƙari da na'ura kan maganar wani a waya, kuma duk abin da ake sha a gefe a nuna wa likita. Ko sunan maganin gaske aka kira muku, kada ku saya a hannun ɗan intanet: a 2012 an kama jabun maganin daji mai suna Avastin a Amurka kanta, babu sinadarin maganin a ciki ko ɗigo.

Gwaggo ta koma kemo, muna roƙon addu'arku. Ragowar kwalbar da hotunan hirar mun miƙa su ga hukuma. Shekaranjiya kuma sai ga bidiyon ya sake faɗo mini da sabon suna, wannan karon maza masu dajin mafitsara yake kira. Rigar ce dai, muryar ce, har agogon hannunsa bai canja ba.