Sharhi kan tafiyar ƙasa ta yini ɗaya a Gandun Dajin Gashaka-Gumti

A watan Maris, lokacin da zafin bazara ya fara hana mutanen Sakkwato barcin ɗaki, ni da wasu abokan aiki muka biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido domin ya shirya mana tafiyar ƙasa ta yini ɗaya a Gandun Dajin Gashaka-Gumti. Wannan gandu, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa. Hanya daga Sakkwato tana da nisa ƙwarai, domin sai da muka kwana a hanya kafin mu bi ta Jalingo da Bali mu isa Serti, inda hedikwatar gandun take.

Abin da ya sa kuɗinmu bai tafi a banza ba shi ne jagoran da aka haɗa mu da shi, wani dattijon ma'aikacin gandun. Tun a ƙauyen Gashaka ya ce mana: "Malamai, ban yi muku alkawarin ganin dabba ko ɗaya ba, amma in kun rage surutu, daji zai nuna muku abin da ya ga dama." Wannan gaskiyar tasa ta kwanta mini a rai. Da muka fara hawan tudu ta hanyar da ta nufi Kwano, sai ya riƙa tsayar da mu yana nuna mana abubuwan da da mu kaɗai ne da mun taka mun wuce: sawun gada a laka, kofaton ɓauna a bakin rafi, da wata sheƙa ta rassa da aka lanƙwasa can ƙololuwar itace, wadda ya ce a nan birin cimfanzi ya kwana. Shi kansa birin ba mu gan shi ba, kuma jagoran bai yi ƙoƙarin ruɗin mu da cewa yana kusa ba.

Mun ga garken gwaggon biri suna ƙetare hanya, uwa ɗauke da ɗanta a gadon baya, sannan a cikin duhuwar kurmi muka hangi baƙaƙen birai masu farin gashi a kafaɗa da jela suna tsalle daga reshe zuwa reshe. Tsuntsaye kuwa ba a magana, domin an lissafa fiye da iri 500 a gandun. Ga wanda ya saba da inuwar dogon yaro da fadamar gulbin Rima, shiga kurmin da rana ba ta taɓa ƙasa, ruwa mai sanyi yana gudana a kan duwatsu a tsakiyar bazara, abu ne da ke sa mutum tasbihi. Tsaunin Chappal Waddi, mafi tsawo a ƙasar nan da mita 2,419, yana cikin gandun, amma hawansa ba aikin yini ɗaya ba ne.

Inda kamfanin ya gaza shi ne wajen shiri. Motar da ya kamata ta ɗauke mu bayan sallar asuba ba ta zo ba sai da hantsi ya ɗaga, alhali da sanyin safiya dabbobi suka fi fitowa. Ruwan sha da suka tanada ya ƙare kafin la'asar, kuma babu wanda ya gargaɗe mu game da ƙudan tsando, wanda ya ciji mafi yawanmu ta cikin riga.

Duk da haka zan ba ɗan'uwa shawarar ya je, musamman kafin damina ta kankama rafuka su cika. Ya nemi a rubuta masa lokacin tashi a cikin yarjejeniya, ya riƙe nasa ruwan, ya sa takalmi mai kauri da tufafi masu dogon hannu, kuma ya binciki lafiyar hanya kafin ya bar gida.