Sharhi: Zagayen fada da hawa hasumiya a garin Telč, ƙasar Cek

Hukuncina a gajarce: zagayen ya ci kuɗinsa, amma wanda ya fara da fada ya fara daga wutsiya. A fara da hasumiyar cocin Waliyyi Yakubu, mai tsawon mita 60, don daga can sama ne garin ke bayyana kansa.

Telč (a karanta shi Telc, da "c" irin ta "ciki") ƙaramin gari ne mai mutum dubu biyar da 'yan kai, a tuddan yankin Vysočina, kusan kilomita 30 kudu da Jihlava, kusan tsakiyar hanya tsakanin Prag da Biyana. Daga kan hasumiya za ka ga tafkuna uku sun yi wa tsohon garin ƙawanya: Štěpnický, Ulický da Staroměstský. Mutane ne suka tare ruwan, suna kiwon kifi a ciki, yana kuma tsare musu gari kamar ganuwa. Shi ya sa tsohon garin bai faɗaɗa ba. Ya tsaya a fili guda mai tsawo, da ƙofa a kowane ƙarshe.

Filin nan shi ne kasuwar. Kowane gida fuskarsa siririya ce, cikinsa kuma ya miƙe can baya, saboda kowa na son ƙofarsa ta kalli kasuwa. A gaban gidajen akwai rumfar gini da ta haɗe su, mai ciniki ya yi harkarsa ko ana ruwa. Daga sama ne kuma asiri ke tonuwa: kwalliyar da ke saman gidaje da yawa bango ne kawai aka ɗaga, rufin na ɓoye a bayansa.

Tarihin da jagoran fada ke bayarwa ya tsaya a kan mutum ɗaya. Iyalan Hradec, wani gidan sarauta, sun mallaki garin tun 1339. A 1530 gobara ta cinye gidajen katako na kasuwa, aka sāke gini da dutse. Sai Zachariáš na Hradec, wanda ya je Italiya ya dawo da sha'awar gininsu, ya kawo magina Italiyawa suka sāke wa fadar kama. Ya rasu a 1589, filin kasuwar ma sunansa yake ɗauke da shi. A cikin fadar, Ɗakin Zinariya, mai silin katako da aka sassaƙa, shi kaɗai ya isa dalilin sayen tikiti. Ɗakin Afirka kuwa kawunan namun daji ne da masu fadar na ƙarshe suka farauto kafin a ƙwace ta a 1945. Ni dai bai burge ni ba.

Inda bayanin ke da rauni: mai saurare zai fita yana zaton duk fuskokin gidajen aikin zamanin Zachariáš ne, alhali da yawa an sāke musu ado a ƙarni na 17 da na 18. A duba masu zanen karce, inda aka shafa yaɓe kala biyu aka kankare na sama. Waɗannan ne tsofaffin. UNESCO ta sa garin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1992.

Ɗakunan fada sai da jagora ake shiga, rukuni-rukuni, kusan awa guda, yawanci da harshen Cek, baƙo a ba shi takardar fassara. A tambayi lokacin rukuni tun da safe. Ranar Litinin galibi a rufe take, da hunturu kuma yawancin sassa ba sa buɗewa, hasumiyar ma ta lokacin zafi ce. Matakalarta ƙunci gare ta ga tsayi, mai ciwon gwiwa ya haƙura. Bas daga Jihlava ta fi jirgin ƙasa sauƙi, don layin dogon reshe ne, jiragensa ba su da yawa. Kuɗin ƙasar koruna ne, a riƙe 'yan canji don hasumiya, a kuma sa takalmi mara tsini, filin duk shimfiɗar duwatsu ce.