Sabon zubin furosesa: wa ya kamata ya saya a Kano, wa ya kamata ya dakata?

Ƙanena yana tace bidiyon biki a wani ɗan shago da ke Zoo Road. Kwanakin baya ya turo mini hoton kwalin Ryzen 9000, furosesar kamfanin AMD (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta), ya rubuta a ƙasa: "Yaya, wannan nake tara wa kuɗi, tawa ta gaji." Na ce masa kada ya saki ko sisi sai na zo na buɗe kwamfutar na gani da idona. Tambayar tasa ita ce ta mutane da yawa masu kwamfutar tebur a garin nan, kuma ina jin ciwon yadda ake kwashe musu kuɗi saboda suna kawai.

Abu na farko da mai shago ba lallai ya faɗa maka ba shi ne, sabon zubi ba furosesa kaɗai ake saye ba. Kowace furosesa tana da mazauninta a kan madabod (babban allon da ake jona dukkan sassan kwamfuta a kansa), wato soket. AMD ta fito da soket ɗin AM5 a 2022 tare da Ryzen 7000, kuma a kansa Ryzen 9000 ta zauna a 2024. Intel ta fito da Core Ultra 200S a watan Oktoban 2024 da sabon soket mai suna LGA1851. Duka biyun RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) na DDR5 kawai suke karɓa. Tsohon RAM ɗinka na DDR4 ba zai ma shiga ramin ba, domin tsagar da ke ƙasansa ba wuri ɗaya take da ta DDR5 ba. Ke nan sayayya uku ce a lokaci guda: furosesa, madabod, da RAM, kuma dukkansu da dala ake shigo da su. Duk wanda ya yi lissafin furosesar kaɗai, zai tsaya a tsakiyar hanya.

Da na je shagon ƙanen nawa, muka kwance murfin akwatin. Ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka, ta yi kauri kamar auduga, man da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka kuma ya bushe ya farfashe. Ryzen 5 2600 ce a ciki, ta 2018, a kan madabod B450 mai soket AM4. Rabin "gajiyar" da yake faɗa zafi ne: idan furosesa ta ɗau zafi sosai, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, shago mara iska yakan mayar da kwamfuta mai ƙarfi ta koma kamar mai ciwo. Mun hure ƙurar, mun sa sabon mai, tun a nan ya ga bambanci.

Sauran rabin kuwa gaskiya ne, furosesar ta tsufa. Amma a nan ne AMD ta yi wa masu ƙaramin ƙarfi gata. Soket ɗin AM4 ya ɗauki Ryzen tun daga na farko a 2017 har zuwa Ryzen 5000, waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2020. Yawancin madabod na B450 suna karɓar Ryzen 5000 idan aka sabunta BIOS ɗinsu, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod da ke tayar da kwamfuta. Na ce masa ya nemi Ryzen 7 5700X: ƙwayoyin aiki takwas maimakon shida, wat 65 kamar tsohuwar, RAM ɗinsa na nan, madabod na nan, akwatin wuta na nan. Da tsohuwar zuma ake magani. A ganina wannan ita ce sayayya mafi riba ga duk mai AM4 a yau, ko da Ryzen 5 5600 ce aljihunsa ya kai. Sai dai a kiyaye abu biyu. A sabunta BIOS tun tsohuwar furosesar tana ciki, kafin a cire ta. Kuma kada a yi shi a kan wutar gari kai tsaye. A jona da inbata ko UPS, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, madabod ɗin na iya mutuwa.

Masu Intel labarinsu ya ɗan bambanta. Soket LGA1700 ya ɗauki jen (wato zubin furosesar Intel) na 12, na 13 da na 14, kuma akwai madabod ɗinsa masu DDR4, akwai masu DDR5. Wanda yake da i3 na jen 12 zai iya hawa zuwa i5 ba tare da ya canza komai ba. Amma ina jan kunne a kan manyan i7 da i9 na jen 13 da 14 na hannu. A 2024 Intel da kanta ta amince cewa wasu daga cikinsu suna samun wutar da ta wuce kima har su riƙa tsayawa, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana hana lalacewa nan gaba, amma wadda ta riga ta raunana ba ta warkewa. Mu kuma nan garantin da muka sani na shago ne, na 'yan kwanaki. Ga kuma cin wuta: i9-14900K kan ja har wat 253 idan aiki ya yi nauyi. Mai aiki da sola ko ƙaramin janareta ya yi wannan lissafin tun a gida.

To, wa sabon zubi ya dace da shi? Wanda lokacinsa kuɗi ne, kuma kwamfutarsa ta riga ta kai ƙarshen abin da soket ɗinta zai ɗauka. Mai tace fim na 4K kullum, mai zanen gine-gine, mai haɗa manhaja. Irin wannan idan zai gina sabuwa daga tushe, ni AM5 zan nuna masa, saboda AMD ta yi alƙawarin ci gaba da tallafa wa soket ɗin har 2027 ko sama, wato gobe zai iya canza furosesa kaɗai. Ryzen 5 7600 ko Ryzen 7 9700X, dukkansu wat 65 ne, suna kuma da ɗan girafik a cikinsu, don haka kwamfutar za ta nuna hoto ko kafin a sayi katin girafik. Core Ultra 200S ta rage cin wuta da zafi idan aka kwatanta da jen 14, tana kuma da Quick Sync, wanda ke sauƙaƙa wa masu tace bidiyo. Mai son wannan ya guji wadda sunanta ya ƙare da harafin F, domin an kashe girafik ɗin cikinta.

Wanda kuma yake da Ryzen 7000 ko jen 13 mai lafiya, ya riƙe abinsa. Masu gwaji sun nuna cewa a wasannin kwamfuta tazarar Ryzen 9000 a kan 7000 ba ta da yawa, Core Ultra ma wani lokacin ba ta wuce jen 14 ba. Ga mai wasa, katin girafik ne ya fi cancantar kuɗin.

Akwai rukunin da ya fi kowa yawa a Kano: masu shagon buga takardu, cibiyoyin jarrabawar JAMB, ofisoshi da makarantu, waɗanda ke aiki da Dell OptiPlex ko HP na hannu. Su sabon zubi ba nasu ba ne. Abin da zai dame su Windows ne: Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son Intel jen na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. Mai jen 4 ko 6 ya nemi na hannu mai i5 jen 8, ya sa mata SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) da RAM gig 16. Idan har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a cikin taka, fara da SSD, shi ne canjin da za ka ji tun daga kunnawa.

Ranar da muka je Beirut Road sayen 5700X ɗin, da kwamfutar muka tafi. Na ce wa mai shagon: "Alhaji, a yi haƙuri, a nan za mu ɗaura ta mu gwada." Na juya furosesar a hasken waya na duba ƙananan allurorin da ke bayanta ɗaya bayan ɗaya, domin a AM4 allurorin a jikin furosesa suke, kuma na hannu sukan zo da wasu a lanƙwashe. A AM5 da Intel kuwa a cikin soket ɗin madabod suke, can ake dubawa. Muka ɗaura, muka buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan furosesa, muka tabbatar sunan da ke kan murfin shi ne a ciki, sannan ƙanena ya sa wani bidiyon ɗaurin aure ya fara fitarwa, muka zauna rabin awa muna kallon ma'aunin zafi. Sai da ya gama lafiya sannan ya tura kuɗin. Ragowar abin da ya tara, RAM ya ƙara da shi, ya kuma sa fanka biyu a gaban akwatin.