Cajin kafasita ko layin jinkiri: wanne ya fi dacewa da auna tazarar lokaci?

Ɗan'uwa, ka ce na'urar ƙidayar da ka haɗa tana aiki da agogo mai megahaz 100, ba ta iya tantance abin da ya gaza nanosakan 10 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), kana kuma son ka sauko ƙasa da fikosakan 100 (fikosakan 1000 ne ke yin nanosakan 1), shi ya sa kake tambaya ko ka bi hanyar cajin kafasita, ɗan abin da ke tara cajin lantarki, ko ka gina layin jinkiri a cikin FPGA, guntun lantarkin da ake iya tsara haɗin cikinsa yadda ake so. Batun ƙara wa agogo sauri dai ka ajiye shi gefe, domin fikosakan 100 sai da agogo mai gigahaz 10, kuma wahalar ƙidaya a wannan gudun ta fi amfaninta.

Hanyoyin biyu tushensu ɗaya ne, wato dabarar da Ronald Nutt ya wallafa a 1968. Agogo zai ci gaba da ƙidaya cikakkun bugu, sai a auna ragowa biyu daban: daga siginar farawa zuwa bugun da ke biye da ita, da kuma daga siginar tsayawa zuwa bugun da ke biye da ita. A haɗa ragowar farko da jimillar bugu, a debe ta biyu. Inda suka rabu shi ne yadda kowacce ke auna wannan ragowar.

A hanyar kafasita, ana sakin kwararar lantarki marar sauyawa cikin kafasita tsawon ragowar kawai, sannan ADC, wato na'urar da ke mayar da boltej zuwa lamba, ta karanta boltej ɗin da ya taru. Idan ka zuba miliamfiya 10 cikin fikofarad 100, boltej zai hau da bolt 0.1 kowane nanosakan, nanosakan 10 su ba ka bolt 1, ADC mai bit 12 kuma ta raba shi gida 4096, kowane gida wajen fikosakan 2.4. A takarda ke nan. Hayaniyar lantarki za ta ci wani kaso. Duk da haka hanya ce da ta tabbatar da kanta, domin a kanta aka gina na'urar auna tazarar lokaci SR620 ta kamfanin Stanford Research Systems, mai tantance fikosakan 25 a awo guda. Rauninta yana farkon caji, lokacin da makunnin bai gama buɗewa ba kuma hawan bai miƙe ba, don haka ake ƙara wa ragowar bugu ɗaya da gangan, ta riƙa faɗawa tsakanin nanosakan 10 da 20, kada ta taɓa kusantar sifili. Bayan kowane awo kuma dole a jira ADC ta gama, a sauke cajin, kafin a karɓi sigina ta gaba.

Layin jinkiri ba ya jiran kowa. Sigina tana shiga jerin ƙananan ƙofofi, wato matakan lantarki da take ratsawa ɗaya bayan ɗaya, galibi sarkar da FPGA ke amfani da ita wajen lissafin tarawa, kowace ƙofa tana riƙe ta 'yan gomman fikosakan ko ƙasa da haka, idan bugun agogo ya zo sai a ɗauki hoton inda ta kai. Cikin bugu kaɗan layin ya shirya wa wani awon, kuma guntu ɗaya na iya ɗaukar tashoshi, wato hanyoyin shigar sigina, da yawa ba tare da ƙarin kayan analog ba. Sai dai ba don awo aka ƙera ƙofofin nan ba. Wata faɗinta ya ninka na maƙwabciyarta, wata kusan babu ita, a wasu lokuta ma hoton kan fito da rami a tsakiya saboda bugun agogo bai isa ko'ina lokaci ɗaya ba. Zafi da ɗan sauyin wutar da ke ciyar da guntun suna sauya faɗin nan gaba ɗaya. Maganinsa shi ne ka cilla wa layin dubban ɗaruruwan sigina da ba su da alaƙa da agogonka, ka ƙidaya nawa suka faɗa kowace ƙofa; wadda ta kama da yawa ita ce mai faɗi, daga nan ka gina teburin gyara, kuma ka riƙa sabunta shi na'ura tana aiki. A 2008 Jinyuan Wu na Fermilab, cibiyar binciken kimiyya a Amurka, ya gabatar da dabarar tura gefuna da yawa, wato hawa da saukar sigina, cikin layin a awo guda, don ƙofofi masu faɗi su daina mamaye sakamako.

A ganina, idan tashoshinka biyu ne kuma siginoni ba sa zuwa a jere da sauri, kafasita ta fi maka, domin bugu ɗaya da bugu biyu na agogonka sun isa su saita ta, kuma kuskurenta a hankali yake sauyawa, yana gyaruwa da sauƙi. Idan kuwa kana bin miliyoyin siginoni a sakan ko tashoshi masu yawa, layin jinkiri ne, da sharaɗin ka ɗauki teburin gyaran a matsayin rabin aikin.

Abin da na fi jiye maka shi ne ƙofar shigar sigina, domin can ne fikosakan ke zubewa ko da wace hanya ka zaɓa. Hayaniyar milibolt 1 a kan sigina mai hawa bolt 1 a nanosakan tana jawo rawar fikosakan 1 kacal, amma idan hawan bolt 1 ne a maikurosakan, rawar ta zama nanosakan 1, duk wahalarka ta tafi a banza. Haka agogon tushe: kuskuren kashi 1 cikin miliyan yana zama nanosakan 1 a tazarar milisakan 1, don haka dogon awo yana son agogon kiristal da ake riƙe zafinsa daidai cikin ɗakin ɗumi ko agogon rubidiyam. Wayar kowaks ta yau da kullum tana jinkirta sigina wajen nanosakan 5 a mita, wato bambancin santimita 1 tsakanin wayoyinka biyu ya kai fikosakan 50. Don gano irin wannan kuskure, ka raba sigina ɗaya zuwa tashoshin biyu, ka auna, ka musanya wayoyin ka sake aunawa: rabin jimillar sakamakon biyu shi ne karkatar na'urarka, rabin bambancinsu kuma na wayoyin ne.