Ofishin lauyoyin da muka ɗauka a rikicin kwangila: inda suka burge ni da inda suka gaza

Ni lauya ne a sashen shari'a na wani kamfani, kuma ƙararraki ne rabona, waɗanda aka kai mu da waɗanda muka kai. Ba kasafai nake tsayawa gaban alƙali ba. Lauyoyin waje muke ɗauka, ni kuma in tsaya tsakaninsu da kamfani: in zaɓo su, in tara musu takardu, in karanta duk abin da suka rubuta kafin ya fita da sunanmu, in tace lissafin kuɗinsu, in kuma yi wa shugabanni bayani da harshen da za su gane. Wato sayen aikin lauyoyi shi ne rabin aikina. Wannan ra'ayina ne a kan wani ofishi da ya riƙe mana wani rikici da aka kammala kwanan baya. Akwai sharaɗin sirri a shari'ar, don haka ba zan kira sunan kowa ba. Zan sake ɗaukarsu, amma sai mun gyara wasu abubuwa a rubuce.

Rikicin tsakaninmu ne da wani kamfanin ƙetare da ke kawo mana kayan aiki. Kwangilar ta ce idan an saɓa ba za a je kotun wata ƙasa ba, za a kai wa alƙalan raba gardama a ƙarƙashin dokokin ICC, cibiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke Paris wadda kotunta ta raba gardama ke aiki tun 1923. Kamfanoni suna son wannan hanya ne saboda Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta sa ana iya zartar da hukuncin a ƙasashe sama da 170. Dokokin ICC sun ba wanda aka kai ƙara kwana 30 ya ba da amsa, kuma ga kamfanin da takardunsa ke warwatse a sassa daban-daban, kwana 30 kamar gobe ne.

Abin da ya fi ɗaga darajarsu a idona shi ne takardar farko da suka aiko. Na saba da ofisoshin da za su rubuto shafi talatin, su jero hukunce-hukunce, ka kai ƙarshe ba ka san ko za ka ci ko za a cinye ka ba. Waɗannan shafi uku suka rubuto. Suka raba iƙirarin abokan shari'armu gida biyu, suka ce a ɗaya muna da ƙarfi, a ɗayan kuwa rinjayen zato shi ne za mu biya, kuma ga mafi ƙaranci da mafi yawan abin da zai iya fita daga aljihunmu. Wanda bai taɓa zama a kujerata ba zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Shugaban sashen kuɗi ba ruwansa da ƙwarewar hujja, tambayarsa ɗaya ce: in ware kuɗi ko kada in ware? Ƙa'idar lissafi ta IAS 37 ta ce idan yiwuwar biya ta fi rashin yiwuwarsa, kuma ana iya ƙiyasta adadin, dole a ware shi a littattafan kamfani. Idan bai kai haka ba, galibi a bayyana shi kawai a bayanan da ke bin rahoton kuɗi. Masu binciken kuɗi za su nemi wasiƙa daga lauyoyi a kan haka duk ƙarshen shekara. Lauyan da ya ƙi faɗin matsayarsa don kare kansa ya bar ni ne in yi ƙiyasin ni kaɗai, in kuma ɗauki laifin idan ya karkace. Da na yi wa babban lauyansu godiya a waya, cewa ya yi, "Barista, gara ka ji mummunan labari daga bakinmu yau da ka ji shi daga bakin alƙalai bayan shekara biyu."

Sun kuma lura da wani abu da lauyoyin waje da yawa ke mantawa, wato cewa matsayina ba ɗaya yake da nasu ba wajen kariyar sirri, haƙƙin da ke hana a tilasta fito da maganar da ta gudana tsakanin lauya da wanda yake wa aiki. A Amurka, tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1981 a ƙarar kamfanin Upjohn, maganar da lauyan kamfani ya yi da ma'aikata don ba da shawarar shari'a tana da kariya. A Tarayyar Turai kuwa, kotunta da ke Lukzambur ta yanke a shari'ar Akzo Nobel a 2010 cewa a binciken gasar kasuwanci da Hukumar Tarayyar ke yi, wasiƙun lauyan cikin gida ba su da wannan kariya, saboda shi ma'aikaci ne mai karɓar albashi. Shari'armu ba irin wannan ba ce, amma ta haɗa ƙasashe, kuma ba a san dokar da alƙalai za su bi a kan sirri ba. Sai suka tsara cewa duk nazari mai nauyi daga ofishinsu zai fito, su za su yi wa ma'aikatanmu tambayoyi, ni in zauna a wajen. Tun ran gini ran zane. Da lokacin musayar takardu ya zo, ba mu yi gumi a kan wannan ba.

A musayar takardun ne na ga ƙwarewarsu ƙuru-ƙuru. Ana amfani da jadawalin Redfern: layi na farko takardar da ake nema, na biyu dalilin nemanta, na uku ƙorafin ɗaya ɓangaren, na huɗu a bar wa alƙalai su rubuta hukunci. Abokan shari'armu suka nemi duk imel ɗin da ya ambaci kwangilar tun daga ranar da aka sa hannu. Wata matashiyar lauya a tawagar ta cike layi na uku da jimla huɗu kacal, ta dogara da ƙa'idojin karɓar shaida na IBA, ƙungiyar lauyoyi ta duniya, waɗanda suka ce buƙata ta zama ƙayyadaddiya kuma mai tasiri ga hukunci. Alƙalai suka taƙaita neman zuwa wata shida da mutum biyar. Makonni na aikin ma'aikatan kwamfutarmu ta cece mu da waɗannan jimloli.

Sai batun kuɗi, inda raina ya ɓaci. Suna lissafi da awa, kowace awa an kasa ta kashi goma, minti shida-shida, kuma ban ƙi wannan ba. Abin da na ƙi shi ne a dunƙule aikin yini guda a layi ɗaya: nazari, waya, gyaran rubutu, taro, awa kaza. Ta yaya zan san nawa ne na wayar, nawa ne na rubutun? Na mayar da takardar kuɗin, suka warware ta ba tare da gardama ba, amma wata na gaba aka sake dunƙulewa. Haka kuma kiran da mutum biyu za su iya yi sai in ga sunaye biyar a lissafi. Mafi muni, sun zarce kasafin da muka amince da shi a matakin shaidu ba tare da sun sanar da ni ba, sai a takardar kuɗi na gani. Ni ne na shiga ofishin shugaban sashen kuɗi da wannan labari, bayan na ba shi tabbaci a kan adadin farko. Mutanen da suka iya faɗin gaskiya da wuri a kan ƙarfin shari'a bai kamata su yi shiru a kan kuɗinsu ba.

Akwai kuma jinkirin kawo daftari. Rubutun da za a shigar ranar Juma'a yakan iso mini daren Laraba, alhali sai injiniyoyi sun duba alƙaluma, sai wani darakta ya amince.

Duk da haka, su ne suka fara kawo maganar sulhu. Bayan musayar takardu sun ga wata wasiƙa tamu da ta raunana mu a gida na biyu, suka ce yanzu ne lokacin zama, kafin a kashe kuɗin zaman sauraro, wanda shi ne mataki mafi tsada. Da sun so, da sun ja mu har ƙarshe sun ci kuɗin watanni. Aka daidaita a kan adadin da ke cikin iyakar da suka rubuta a takardarsu ta farko.

Ga abokan aikina da za su ɗauki ofishi irin wannan: ku sa a wasiƙar ɗaukar aiki cewa kowane aiki da layinsa a lissafi, ba a ƙara lauya a tawaga sai da izininku, a sanar da ku a rubuce da zarar an ci kashi 80 cikin 100 na kasafin kowane mataki, kuma daftari ya iso kwana biyar na aiki kafin ranar shigarwa. Na aika musu da waɗannan sharuɗɗa huɗu don wata shari'a da ke tafe, sun karɓi uku, muna kan tattauna na daftarin.